Zoben Hajaru

Wautata tana da yawa, amma wadda ba zan taɓa mantawa da ita ba, ta zoben matata Hajaru ce.

Zamanin soja ne, kuɗin mai ya shigo gari, matan maƙwabta kowace kunnenta da zinarin Makka. Ni kuwa wankin kwalabe nake yi a ɗakin gwaje-gwaje na wata makaranta (a unguwa dai cewa nake ni ne mataimakin Dakta).

Dakta Bitrus mutumin Filato ne, mai haƙuri. Yakan haɗa wasu ruwaye masu wari, ya ɗiga asid, ya dama, ya rufe. Abin ya yi barci kamar kindirmo, sannan ya bushe a hankali makonni, ya tsuke, ya koma kamar gilashi mai ɗan shuɗi, ba nauyi. Silika yake ce masa. Wai cikinsa duk ƙofofi ne ƙanana da ido ba ya gani.

Rannan wani silikan ya tsage, Dakta zai zubar, na roƙi ɓalli guda.

"Ɗauka, Baba," ya ce, "amma kada ya shiga ruwa. Ƙofofin nan za su zuƙe shi da ƙarfi, ya farfashe."

Na kai wa maƙeri a Ƙofar Taramniya ya lallaɓa ya ɗora shi kan zoben azurfa. Na miƙa wa Hajaru na ce lu'ulu'u ne daga Ingila, kuma manyan duwatsu ba a alwala da su. Ta kalle ni, ta kalli zoben, ta sa.

Ranar bikin ƙanwarta a unguwar Minanata na shiga gaida surukai, babbar rigata tana ta ƙamshin sitati. Gwaggonsu, Hajiya Inno, dillaliyar gwal ce. Ta kama hannun Hajaru.

"Wanga shi na dutsen Ingila? Tuɓe in gani, ɗiyata. Ai ya yi dauɗa."

Kafin in buɗe baki ta tsoma shi a kwanon sha. Sai muka ji ƙas, ƙas, kamar ana soya gurjiya. Ta ɗago zoben, ba komai a kansa, farin tsaki ya kwanta a gindin kwano.

"Malam," in ji Hajiya, "Ingilar taka ba a ruwan sama?"

Mata suka kwashe da dariya har da guɗa. Na fita da takalmi ƙafa ɗaya nawa, ɗaya na wani. A ranar na koyi cewa wanda zai yi ƙaryar dutse, ya fara tambaya ko akwai dillaliya a dangin matarsa.

Muna tafiya gida ina gaba, tana baya, na kasa waiwayawa. Sai na ji ta ce a hankali:

"Da ka hwaɗa min daga wurin aikinka yah hito, da ban bari kowa ya taɓa shi ba."

Allah Ya yi mata rasuwa, amma har yau ban manta da wannan magana ba.