Kwalekwalen Babana Ya Samu Ƙarin Girma

Ranar Litinin na sauka mashigin tafkin unguwarmu, nan gefen Kisumu, na tarar an manna wa kwalekwalena takarda. Wai Kwamitin Kyan Gani ya zauna, ya gano cewa jirgin katako yana ɓata wa mazauna kallon ruwa. Mashigin na kowa ne, amma farin jirgi mai inji kaɗai za a ɗaure. In kwashe nawa kafin Juma'a, ko a faskare shi.

Jama'a, wannan kwalekwale babana ne ya sassaƙa shi da hannunsa. Kifin da ya kamo a cikinsa ne ya kai ni makaranta har na iya sayen gida cikin manya. Shi kaɗai ya bar mini, kuma wallahi raina ya ɓaci.

Maƙwabcina Ogutu, tsohon akawu, ya leƙo ta kan shingensa, wanda doka ta ce kada ya wuce gwiwa.

"Baban Awuor, ka karanta kundin dokar kuwa?"

"Shafi tamanin? Ni da ko takardar magani ba na gamawa?"

"To ragon banza, duba shafi na sittin. Ana maraba da kayan adon gargajiya a ƙofar gida."

Na sa kwat, aka turo mini kwalekwalen a kura, na tafi gaban Mai Girma Shugaban Kwamiti, Garkuwan Furanni, Mai Ido A Kan Fenti. Na rusuna na ce na kawo kayan ado a yi masa rajista. Ya zagaya kwalekwalen sau biyu yana gyaɗa kai.

"Kai, wannan aiki ya yi kyau. Daga Nairobi ka yo odarsa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, daga mashigi."

Bai ji ba, yana ta shafa katakon. Nan take aka amince, da sharaɗin a huda gindinsa, a cika shi da ƙasa, a shuka fure ja. Allah ya ƙara wa kwamiti basira. Ranar Alhamis mu shida muka ɗauko shi zuwa ƙofar gidana, matata Akoth ta shige ɗaki don kada ta ga ana hudawa.

Jiya Mai Girma ya kawo baƙi suna ɗaukar hoto a ƙofata. Na ji yana ce musu, "Irin wannan kakanninmu suke shiga a zamanin da."

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Zamanin ya ƙare ranar Alhamis."