Ni da Katantanwar Teku a Kakuri

Ba zan taɓa mantawa da ranar iyayen yara ta shekarar 1999 ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, har yau akwai mutane a Kakuri da za su tuna mini ba tare da na roƙe su ba.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula ke nan, kowa ya samu baki. Kwandastan bas yana fassara tsarin mulki, mai shayi yana raba muƙaman minista. Ni kuma sabon malamin bayoloji ne a wata ƙaramar sakandare mai zaman kanta, an ɗauke ni gwajin wata shida kafin a tabbatar da ni, sai na ga ai ni ma ba za a bar ni a baya ba wajen cika baki. A ofishin malamai na shiga ba da labarin yadda na yi bautar ƙasa a bakin teku: yadda igiyar ruwa take tasowa kamar bene, yadda nake fita da sassafe ina tsintar katantanwa har na cika kwali guda. (Gaskiyar magana, can ɗin aka tura ni, amma wani kawuna ya bi ta bayan fage aka mayar da ni Zariya tun ban sayi tikitin mota ba. Ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne kogin Kaduna, shi ma ta tagar bas daga kan gada.)

Shugabar makarantar, Madam Saratu, tsohuwar malama ce daga Kudancin Kaduna, wadda ba ta dariya sai an kaɗa ƙararrawar tashi. Saura kwana goma a yi taron ta kira ni ofis.

"Malam, tunda kai ne ɗan tekunmu, ka haɗa mana tebur na halittun ruwa. Sabon kansila zai zo. Ina so ya ga muna koyar da kimiyya ta gaske, ko ya tausaya ya gyara mana kwalbatin ƙofar nan da ke hana yara shigowa in an yi ruwa. Kwalin katantanwar nan taka yana nan ko?"

"Yana nan, Madam," na ce, ko ƙifta ido ban yi ba.

"To madalla. In abin ya yi kyau, maganar takardar tabbatar da kai ma sai mu gama da ita."

Kwana uku na yi ina tafe ina lissafin ƙaryar da za ta fitar da ni daga ƙarya. Ɓeraye sun ci? Ɓera ba ya cin katantanwa. An sace? Wane ɓarawo? Ana cikin haka, wata safiya na taho daga gidanmu a Makera, na yanke ta wani lungu a bayan kasuwa don gudun taɓo, sai ga abin mamaki: wani rami a tsakiyar hanya an cike shi da katantanwa, tuli guda, dogaye da gajeru. Na tsaya na ce Alhamdu lillahi. Na gaya wa kaina cewa tifa ce ta kwaso su tare da yashi daga kudu. Ban tambayi kowa ba, don mai tambaya ai shi ne bai sani ba, ni kuwa ɗan teku ne. Na waiga hagu da dama, na cika jakata ta koyarwa, na wuce.

A gida na zuba su a baho na sa garin sabulu da tsohon buroshin haƙori. Inna ta leƙo ta ce, "Kai, wannan abin naka ƙamshin manja yake yi."

Na ce, "Inna, ai haka teku yake wari."

Ta dube ni ta koma ɗaki.

A kabad ɗin makaranta na tono wani tsohon littafin Turanci da bangonsa ya cire, mai hotunan dodon koɗi na teku. Daga ciki na koyi cewa masana suna rarraba su ne ta siffar ɓawon: yawan murɗin da ya yi, tsawon tsininsa, faɗin bakinsa, kaurinsa, da ko yana da ƙaya ko ƙulli a jiki. Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne, ashe a cikin 'yan ƙananan nan akwai mafarauta, masu cin 'yan'uwansu. Shafi uku na karanta, sauran ƙananan rubutu ne, sai na wadatu da hotuna.

Na kasa kayana gida uku. Kashi na farko dogaye ne, baƙaƙe, masu murɗi da yawa da 'yan ƙayoyi, kamar kan mashi. Ina ganinsu na ce waɗannan su ne mafarautan, ai mugu a fuska ake gane shi. Na kuma lura da wani abu: kowane ɗaya daga cikinsu tsininsa a gutsure yake, daidai wa daida. Littafin bai nuna irin wannan ba, don haka na yanke hukunci cewa na gano abin da ya wuce marubucin. Kashi na biyu gajeru ne, masu kauri, masu faɗin baki da ƙulle-ƙulle, sun yi ɓul-ɓul. Na rubuta musu "masu cin ganye". Na uku 'yan faifai ne marasa murɗi, wasu da ɗan rami zagayayye kamar an sa kusa. Na shafa wa duka man goge katako, na jera a kan farin ƙyalle, na rubuta sunaye da manyan baƙaƙe.

Ranar Juma'a, malamin lissafi, Mista Yohanna, ya tsaya a kan teburin ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki dogo ɗaya ya juya shi, ya sunsuna.

"Malam, a ina ka ce ka samo waɗannan?"

"A teku mana."

"Zo mu ɗan keɓe, akwai abin da nake so in gaya maka."

Na ce masa ina da aiki. (A raina na ce hassada ce. Shi teburinsa kwali ne da aka yanka murabba'i da da'ira, wa zai tsaya kallo?)

Ranar Asabar aka kafa rumfa, aka jera kujerun haya, iyaye suka cika fili. Kansila ya iso bayan awa biyu da lokacin da aka sa, cikin babbar riga mai sitaci wadda take shiga wuri kafin shi. Mutum ne mai jiki, wanda watannin baya kowa ya san shi a shagon kayan gyaran babur, yanzu kuwa ba a kiransa sai da Onarabul. Aka yi addu'ar Musulmi, aka yi ta Kirista, yara suka yi rawa, sannan Madam Saratu ta jagoranci manyan baƙi zuwa teburina, iyaye suka biyo baya. Aka miƙo mini makirufo.

Jama'a, na yi bayani. Ban taɓa jin daɗin muryata kamar ranar ba. Na ɗaga dogon na ce, "Wannan da kuke gani, ƙarami ne amma zakin teku ne. Ku ƙirga murɗinsa. Ku dubi ƙayoyinsa. Babbar alamar danginsa kuwa ita ce wannan gutsurarren tsinin. Da kansa yake karya shi idan ya balaga, don ya ji daɗin bin abin farauta da gudu." (Dodon koɗi da gudu. Har yau in na tuna sai na rufe ido.) Na ɗauki mai ramin na ce matan bakin teku ne suke huda shi su yi sarƙar wuya, na gani da idona. Sannan na ɗauki mai ƙibar, na juya wajen kansila da murmushi, don na shirya wannan tun a gida.

"Shi kuwa wannan, ranka ya daɗe, ka gan shi da cikar jiki da kwarjini, amma ba ya cutar da kowa. A teku ma, masu ƙiba su ne mutanen kirki."

Kansila ya yi dariya har rigarsa tana rawa, aka yi tafi. Na hango Madam Saratu, na rantse gefen bakinta ya motsa.

A nan ne wata mata ta matso gaba, ta ɗaura zani biyu da babban ɗankwali. Daga baya na san ana kiranta Mama Kalaba, 'yar bakin teku ce ta ainihi, ta biyo mijinta Kaduna tun masaƙa tana masaƙa, tana sayar da abinci a bayan kasuwa, kuma 'yarta tana ajinmu na uku. Hausarta tsaf, sai dai da karin harshensu.

"Ticha, abeg, ba ni wannan in gani."

Na miƙa mata, ina jin daɗi an samu mai sha'awar ilimi.

Ta juya shi sau ɗaya ta ce, "Wannan ai isam ne. Ni na yanke masa gindi."

"Na'am?"

"Da wuƙata. In ba ka yanke nan ba, yaya mai cin miya zai tsotso naman? Duk wanda ke teburin nan ni na yanke. Daga tukunyata suka fito. In an cinye, ni nake zubawa a ramin lungunmu saboda taɓo. Kwana nawa ina cewa wa yake kwashe mini!"

Makirufon yana hannuna, kusa da bakinta. Babu kalma ɗaya da ba ta fita ta lasifika ba.

Na yi ƙoƙarin ceton kaina. Na ce, "Mama, wataƙila kama ce kawai, shi wannan mafarauci ne..."

"Mafarauci? Isam? Ticha, laka yake ci. Tun ina yarinya nake tsintarsa a taɓo in ruwa ya janye. Ko kaza ta fi shi faɗa." Ta ajiye shi, ta ɗauki ɗan faifan nan mai rami. "Wannan kuma ba wata mata da ta huda. Wa yake da lokaci? A cikin buhu yake zuwa haka, ba komai a ciki, an riga an cinye shi." Sai ta kai hannu kan mai ƙibar, ta ɗaga shi sama yadda kowa zai gani. "Ga wanda ya cinye shi. Nkonko muke ce masa. Hawa kan ɗan'uwansa yake yi ya zauna shiru, kamar ba ruwansa, yana huda shi a hankali har ya shanye na ciki. Kai ka juya abin, Ticha. Mai ƙibar nan shi ne yake cinye sauran."

Ita dai Mama katantanwa take nufi, na tabbata. Amma fili guda, ba wanda ya kalli katantanwa. Kowa ya juya ya kalli babbar riga.

Wani daga baya ya ce, "Allah ya kiyaye mu!" Sai dariya ta ɓarke, irin wadda mutane suke riƙe kujera. Mata suna tafawa, wani tsoho yana share hawaye da hularsa. Kansila ya yi wani murmushi da haƙora kawai, ya duba agogo. Mista Yohanna ya juya baya yana kallon katanga, kafaɗunsa suna girgiza. (Ashe a wurin Mama yake cin abincin rana. Wataƙila rabin abin da na jera shi ya tsotse su.)

Madam Saratu ba ta yi dariya ba. Ta karɓi makirufon, ta kashe shi, ta tambaye ni a hankali, "Malam, a wane teku ka ce ka yi bautar ƙasa?"

Na ce, "Zariya, Madam."

Ranar Litinin na je da takardar barin aiki a aljihu, don in riga ta. Ta bar ni a tsaye na ɗan lokaci tana rubutu, sannan ta ɗago.

"Rashin sani bai dame ni ba, Malam, kowa da inda saninsa ya tsaya. Amma ka tsaya gaban yarana ka ce ka gani da idonka. Na ƙara maka zango guda na gwaji. Teburin kuma za ka sake shi daidai, ka gaya wa kowane aji abin da ka yi kuskure. Ka je wurin matar nan ta koya maka."

Kwalbati dai ba a gyara ba. Na daɗe ina ɗora wa kaina laifi, sai da na lura har kansilan ya sauka bai gyara na kowa ba.

Na je wurin Mama Kalaba da littafina da biro. Ta zaunar da ni a benci tsakanin masu cin teba, ta zazzago buhu, ta nuna mini isam da tsininsa cikakke kafin wuƙa ta hau shi. Ta nuna mini yadda bakin nkonko yake da faɗi da kauri, da ɗan kwararon da ke ƙarshensa. Da na koma na karanta ƙananan rubutun nan da na tsallake, sai na tarar duk abin da ta faɗa yana ciki, har da harshen nan mai kama da magagari da nkonko yake huda ɗan'uwansa da shi. Da zan tafi ta zuba mini miya, ta ce ba wanda yake gama karatu a wurinta bai yi jarrabawa ba. Na ɗauki isam ɗaya na tsotsa da ƙarfi, ya wuce mini har maƙogwaro, na yi ta tari ana bubbuga mini baya.

"Sannu, ɗan teku," in ji Mista Yohanna daga ƙarshen benci.

An tabbatar da ni a zango na gaba, na kuma shekara da shekaru ina koyarwa. Abin da na ɗauka daga ranar bai da yawa, amma ya yi mini amfani. Na koyi cewa "ban sani ba" ba ta kashe malami. Kuma duk lokacin da aka miƙo mini makirufo in yi bayanin wata halitta, sai na fara duba jama'a da kyau, ko akwai wadda ta taɓa dafa ta.