Ranar da Tasi'u Guguwa Ya Haye Gada

Duk Unguwar Rogo ta Jos babu wanda bai san Tasi'u Guguwa ba. Ba wani ne ya sa masa Guguwa ba, shi ya raɗa wa kansa, ya kuma rubuta da jan fenti a jikin kekensa don kada a manta. Tela ne, amma in ya zauna teburin mai shayi ya fara labarin keke, sai ka rantse a kan sirdi aka yanke masa cibi. Wai ya taɓa wuce motar Bauchi a hawa, har direban ya leƙo yana roƙonsa ya rage gudu. Wai ya taɓa hawa dutsen da akuya ta duba ta fasa. In ka nemi shaida, kullum shaidar ta yi tafiya.

Ana nan cikin damina sai wata ƙungiyar mahaya keke ta shirya tsere a duwatsun Shere, tun daga safe har la'asar. Yawancin mutane ƙungiya suka haɗa, wannan ya gaji wancan ya karɓa. Akwai kuma rukunin masu taurin rai da kowannensu zai yi shi shi kaɗai.

Mai shayi ya ce, "Guguwa, da wa za ka haɗa?"

Tasi'u ya kurɓi shayi, ya dube shi sama da ƙasa. "In haɗa? Da wa? Wa zai iya bin ƙafata? Ni kaɗai zan shiga. Ku dai ku zo da wuri, kada in gama kafin ku iso."

Aka ko zo. 'Yan majalisar mai shayi suka cika bas fal, har da Kawu Zubairu, ƙanin mahaifiyarsa, dattijo marar yawan magana, wanda ya ce shi dai yana so ya gani da idonsa kafin ya mutu.

Tasi'u ya fito cikin matsattsen wando mai sheƙi, da hular kwano, da baƙin tabarau, ga hadari ya rufe sama babu ko ƙyallin rana. Aka hura usur, fiiit! Ya yi wuf ya wuce kowa. 'Yan unguwa suka ɗauki ihu, "Guguwa! Guguwa!" Ya saki hannu ɗaya yana ɗaga musu.

Ana shan kwana, hawa ya fara.

Ashe dutse bai san suna ba. Tun bai yi nisa ba cinyoyinsa suka kama wuta, numfashi ya koma fus-fus kamar famfon bakanike. Waɗanda ya bari a baya suka riƙa wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Wata mata ta wuce tana yi masa sannu. Wani tsoho mai furfura ya wuce yana cin ayaba. Tasi'u ya sauka ya duƙa yana taɓa kaca, wai ita ce ta ba shi matsala. Kaca lafiyarta lau.

Sai sama ta ɓarke, shaaa! Ya hango wata bukkar gona a cikin masara, ya tura keke ciki ya zauna. Can dabara ta faɗo masa. Ai tseren zagaye ne, inda aka tashi nan za a ƙare. Me zai hana ya huta a nan, in la'asar ta kawo jiki ya bi ta bayan gari ya ɓullo kamar ya zagayo duniya? Ya yi murmushi, ya yaba wa ƙwaƙwalwarsa. Ya cinye gurasa da ƙwan da ya yi guzuri, ya yi matashi da hular kwano. Kafin ka ce me, minshari ya fara gasa da tsawa.

Bai farka ba sai da rana ta yi sanyi. Ya fito ya samu kwatami, ya kwanta ya yi birgima. Ya shafa wa keke taɓo har kan sunan. Ya yaga gwiwar wando da haƙori, ya tsinko ganye ya soka a hula. Sannan ya gangara yana gwada nishi iri-iri, yana zaɓen wanda ya fi ban tausayi.

Da ya hango filin da aka tashi, jama'a sun ninka na safe. Ga motar asibiti, ga mutane jiƙe sharkaf riƙe da igiyoyi da dogayen gorori. Babu kiɗa, babu tafi. Tasi'u ya ce a ransa, jiran zakara suke. Ya danna feda, ya saki hannu biyu, ya kwarara ihu, "Guguwa ta iso!"

Wata mata ta yar da tiren gyaɗa ta zura da gudu tana salati. Mai shayi ya ja da baya har ya faɗa kan benci. Tasi'u ya ɗauka kwarjini ne.

Shugaban masu shirya tseren, wani dogo mai suna Mista Dalyop, ya matso da makirfo a hannu, wandonsa na ɗigar ruwa. Ya ƙare masa kallo. "Malam Tasi'u, daga ina?"

Tasi'u ya fizge makirfon. "Daga ina kuwa? Daga bakin daga! Jama'a, yau na ga abin da ya fi ƙarfin baki. Hawan farko, ban ko canja giya ba. Gangaren nan mai tsakuwa, birki ya tsinke, da dunduniya na tsaya. Wani gwaggon biri ya tare ni, muka haɗa ido, shi ya kauce!"

Dalyop ya gyaɗa kai a hankali. "Ikon Allah. To gadar katakon da ke kan rafi fa? Ka haye ta?"

"Gada? Kamar harsashi! Katakon na ƙara, ƙaƙas-ƙaƙas, ruwa na ruri a ƙasa, ni ko ko a jikina."

"Da wane lokaci ke nan?"

"Bayan azahar kaɗan. Har na tsaya a tsakiyarta na sha ruwa."

"A tsakiyarta."

"Tsakiya cif!"

Dalyop ya miƙa hannu ya karɓi makirfonsa. "To sannu da ƙoƙari. Mu dai tun da hantsi ruwa ya tafi da gadar nan, ko ƙusa bai bari ba. Nan take muka soke tseren, kowa ya juyo. Da aka duba, kai kaɗai ne babu. Ka ga waɗannan bayin Allah?" Ya nuna masu gorori. "Tun lokacin suke cikin rafi suna laluben gawarka."

Tasi'u ya dubi masu gorori, suka dube shi. Tsohon nan mai ayaba na cikinsu, yana rawar sanyi, idonsa jawur. Taɓon da ke fuskar Tasi'u ya fara bushewa yana ɓarewa.

Ya ce da 'yar ƙaramar murya, "Wataƙila wata gadar ce."

Dalyop ya ce, "Ita kaɗai ce."

Wani ya fara ƙyalƙyalewa daga baya, sai filin ya ɗauka gaba ɗaya. Mai shayi na birgima a ƙasa yana cewa, "A tsakiyarta! Har ya sha ruwa!"

Kawu Zubairu bai yi dariya ba. Ya share idonsa da bakin rawani, ya ciro waya ya buga gida. Dalyop na tsaye daf da shi, bai kashe makirfo ba, lasifika ta kwashe maganar ta watsa wa duk filin.

"Ku gaya wa uwarsa ta daina kuka, ga shi nan da ransa. E, garau yake, har ƙiba ya yi. Masu haƙan kabari su dakata." Ya ɗan saurara. "A'a, kada su cike ramin tukuna. In ya iso unguwa, shi da kansa zai nemi wurin shiga."