Cindo da Filebon Uwani

A garinmu akwai wani bawan Allah, Cindo, wanda abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Matarsa Tasalla ke riƙe da gidan da sana'ar zoɓo. Sai masu saye suka watse, suka koma wajen maƙwabciyarsu Uwani, wai nata akwai filebo. Tasalla ba ta taɓa jin kalmar ba. Ta ce ruwa ba ya tsami banza, asiri ne aka laƙaba wa sunan Turanci.

Wata rana ta ce, "Malam, je ka kurɓi na Uwani, ka kawo mini abin da ka ji a bakinka." Cindo ya kurɓa, ya taho kumatu a kumbure. Liman ya gaishe shi, bai amsa ba. Yana isa gida ya juye mata a kofi. Sai da Tasalla ta aika wa liman ban haƙuri.

Wata rana ta ce ya bi Uwani, kada ya rabu da ita sai ya ga bokanta. Ya bi ta rijiya, ya bi ta gidan suna har tsakiyar mata.

"Cindo, lafiya?" in ji Uwani.

"Tasalla ce ta ce in ga bokanki."

Kafin azahar maganar ta karaɗe gari, 'yan ragowar masu sayen ma suka ɗauke ƙafa. Ranar Tasalla ta yi kuka.

Wata rana wata malamar makaranta ta gaya mata filebo ruwan ƙamshi ne a 'yar kwalba. Ba ta gama yarda ba, amma ta miƙa wa Cindo ɗan abin da ya rage na jarinta. "Ka sayo na gaske. Kada ka yarda a ba ka na kwaikwayo."

Mai kanti ya miƙo kwalba.

"Na gaske ne?"

"Na gaske mana. Turawa suka kwaikwayi ƙamshin abarba."

Cindo ya ajiye kwalbar, ya tafi ya sayo abarba. Tasalla ta yi faɗa har ta gaji, da ta rasa yadda za ta yi ta tafasa zoɓon da ita, har ɓawon. Ƙamshi ya cika unguwa, masu saye suka dawo. Kafin la'asar tulun zoɓon ya ƙare, ana ta aiko da kwanuka.

Ta daɗe tana kallon mijinta. "Anya Malam, wautar nan taka ba da gangan kake yi ba?"

"Idan kin ce in yi da gangan, sai in yi," in ji Cindo.