Kwalin shara mai fure

Ni na zana kwalin da kaina: a zuba shara, a liƙe baki, a jefar, babu wari, babu ƙuda. Matata ta ce, "Malam, fure a jikin abin shara?" Na ce ba ta san zamani ba.

Ranar sunan 'yarmu aka cika kwalayen da ƙasusuwa da ɓawon lemo, aka liƙe. Surukata ta zaci tsarabar biki ce, ta ɗauki biyu, tana sa mini albarka. Ina kallo, don kunya na ce amin.

Can a garinsu, Yara, ta buɗe su, gaban maƙwabta.

Har yau in na kai mata tsaraba, sai ta dubi matata: "Ce masa ya buɗe a nan tukuna."