Manajan da Ya Raba wa Itatuwa Gawayi da Adalci

Duk wanda ya ce ilimi sai an yi karatu, bai taɓa zama da Manajan gandun itatuwanmu ba. Bawan Allah ne da aka haifa da sani. Kafin ka kai rabin maganarka ya ɗaga hannu ya ce ya sani, shi ya sa ma'aikata ke kiransa Malam Na-Sani, a bayan idonsa. Takalminsa bai taɓa taka taɓo ba, domin daga tagar ofis yake duba itatuwa.

A gandun akwai wata mai bincike da muke kira Malama Awo. Shekara uku tana aiki ɗaya. Ta raba fili gida biyu: rabi ta cakuɗa wa ƙasarsa garin gawayi, rabi ta bar shi yadda Allah ya yi shi. Kowane mako takan durƙusa ta kifa na'ura a ƙasa, ta auna iskar kabon da ƙasar ke fitarwa, don a ga ko gawayi na rage ta. Wata biyu ya rage ta kammala, kuma digirinta kaf a kan bambancin filayen nan biyu ya rataya.

Sai aka ce manyan baƙi masana za su zo. Ana gobe zuwansu, Malama Awo ta tafi kai mahaifiyarta asibiti. A ranar ce Manaja ya yi abin da bai saba ba, ya sauko ya zagaya gandu. Ya ga rabin fili baƙi wuluk, rabi fari fat. Ransa ya ɓaci.

"Wannan ai son kai ne," in ji shi. "A ƙarƙashin shugabancina ba a nuna wa itace wariya. A zuba wa kowa."

Tsohon da ke ban ruwa ya ce, "Ranka ya daɗe, Malama ta ce wancan gefen ko toka kada ta..."

"Na sani, baba. Ɗauko shebur."

Kafin rana ta take, an cakuɗe ko'ina. Har turakun da ta kafa don shaida iyaka ya sa aka tuge, wai suna ɓata tsari.

Washegari ya tarbi baƙi da jawabin minti arba'in a kan kabon, wanda ya bayyana da cewa abu ne mai matuƙar muhimmanci. Da ya gama, wata dattijuwa cikinsu ta tambayi ina filin da ba a sa wa gawayi ba, wanda ake gwadawa da shi.

Manaja ya gyara tsayuwa. "Babu shi, Hajiya. Jiya na magance wannan matsalar."

Baƙi suka rufe littattafansu. Shi kuwa ya fahimci cewa bayaninsa ya gamsar.

Malama Awo tana tsaye a baya da na'urarta a hannu. Ba ta yi kuka ba. Ni dai da na dubi fuskarta, na so a ce ta yi.

Da yamma Manaja ya rubuta wa hedikwata takarda, yana neman a sauya masa mai bincike. Ya ce yarinyar tana da ladabi, amma ba ta da sauri: bambancin da ta shekara uku tana fama da shi, shi a safiya ɗaya ya kawar da shi.