Rasuwar Philomena, Motar da Ke Kai Malachy Bakin Tafki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka ƙoshi da kallon motocin sayarwa, Cathal Keaveney na sanar da 'yan uwa da abokan fatsa rasuwar motarsa, Philomena, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a garejin Fintan bakanike, tana ɗage a sama.

Marigayiyar doguwa ce, koriya, mai faɗin baya. Kyau kam ba ta da shi, kuma ba ta taɓa tashi da murɗa makulli ɗaya ba. Sai ta yi "ƙirrr, ƙirrr", ta yi shiru kamar mai shawara, sannan ta yi tari ta kama. Amma ba ta ƙyamar taɓo, ba ta ƙorafin ƙarnin kifi ko na jiƙaƙƙen kare. Ƙofar bayanta na saukowa ta zama benci, a nan mahaifin Cathal, tsoho Malachy, ke zama a saka masa dogon takalmin roba tun da gwiwoyinsa suka daina lanƙwasuwa. Rufinta ta ciki cike yake da ƙudajen ƙarya, irin na gashin tsuntsu da ake ɗaurawa a ƙugiya. Duk ƙudan da ya kamo kifi, a nan ake soke shi ya yi ritaya. Dogon mutum in ya shiga, ko ya cire hula ko ta cire masa.

Babbar falalarta ita ce sandar fatsar Malachy na shiga cikinta a miƙe, daga ƙofar baya har gilashin gaba. Sandar ta gora ce, mai gaɓa uku, kuma gaɓoɓin sun cije tun ranar da matarsa Bríd ta haɗa masa su da hannunta, a shekarar da ta rasu. Tsohon ya hana kowa ya gwada raba su, ya kuma ƙi riƙe wata sandar. Da Cathal ya ce a ɗaure ta a saman mota, cewa ya yi, "Tsani ka mai da ita? Kai sai in ɗaure ka a can, iska ta ɗan shiga kanka."

Tsatsa ce ajalinta. Ta daɗe tana cin ta ta ƙasa, Cathal na gani, yana rufewa da guntun kafet yana kau da kai. Ranar Talata Fintan ya soka mata sukurdireba a ƙashin baya, ƙarfe ya yi "ƙwas", ya wuce kamar a biskit. Fintan ya cire hula.

Ta rasu ta bar Cathal, da Malachy, da kare Bran wanda har yau ke kwana a inda take fakin, da baƙar butar shayi, da tayar safaya wadda rabonta da iska an manta.

Abin da ya hana Cathal barci shi ne lokacin da ta zaɓa. Ƙwarin watan Mayu sun fara tashi a kan tafki, kifi ya fito sama yana cafka, kuma abin ba ya daɗewa. Malachy bai taɓa rasa wannan lokaci ba tun yana gajeren wando. Likita kuwa ya ja Cathal gefe a asibiti ya ce game da tsohon, kada a yi lissafi da baɗi. Cathal na tsoro, tsoro ƙwarai, kada ƙwarin su ƙare alhali tsohon na zaune a bakin taga.

Shi ya sa ya yanki igiya daidai tsawon sandar, ya shiga gari neman wata motar. Dillali na nuna masa kujera mai ɗumama baya da allon da ke magana, shi yana rarrafe a but, wajen kayan baya, da igiya a haƙori. Wadda ta yi tsawo ta yi tudu, tsohon ba zai iya hawa ba. Wadda ta yi ƙasa ta yi gajarta. Wani dillalin ya ce a rage sandar da zarto. Cathal ya fita bai yi sallama ba, don kada a yi jana'iza biyu.

Mota ɗaya ce ta haɗiye igiyar har da saura: tsohuwar motar ɗaukar gawa ta Dessie Tierney, mai shirya jana'izar ƙauyen, wanda ya ce a ɗauka aro. Cathal ya rantse ubansa ba zai shige ta ba, ya kuma ɓoye maganar. Sai dai Dessie ba ya riƙe baki, labari ya riga Cathal isa gida.

Za a yi jana'izar Philomena ranar Juma'a da safe. Janwe zai ɗauke ta daga garejin Fintan, a bi da ita ta hanyar tafki a hankali, a tsaya a mashigar kwale-kwale, sannan a miƙa ta ga 'yan gwangwan. Ba a buƙatar furanni. Masu zuwa ta'aziyya su taho da filaya a taya cire ƙudajen rufi. Duk mai doguwar mota mara tudu, don girman Allah ya zo da ita, igiyar na aljihun Cathal.

In ba a samu ba, ranar Asabar da sassafe za a ga motar Dessie ta nufi tafki, sanda a baya, Bran a gefenta. Kada kowa ya cire hula, kada kowa ya bi ta a ƙasa. Malachy ne ya yanke hukuncin da kansa, yana zaɓen ƙuda, bai ko ɗaga kai ba.

"Ka karɓo makullin, ɗan nan," ya ce. "Na san abin da likita ya gaya maka. Motar nan dai zan shige ta. Bari in fara da kujerar gaba."